Kwali Kwali Ne

Shekarun baya, ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, na dawo gida Damagaram ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. Mahaifiyata ma sai da ta tambaye ni, "Wai karatun nan a wuya ya tsaya maka ne? Na ga ka daina sunkuyawa." Na yi dariya, amma da gaskiyarta. A lokacin gani nake duk wata matsalar duniya jira take in zauna gaban kwamfuta in warware ta.

Abokina ne ya yi mini hanyar aiki a wata babbar mangaza, wato sito, ta wani Alhaji ɗan kasuwa, can wajen fita gari. Abokin nan tun lakwal ta firamare benci ɗaya muke zama. Shi Kirista ne, iyayensa ƴan majami'a ne. Ni kuwa ɗan Birni ne, mahaifina baduku, kuma abin da aka san shi da shi shi ne ɗinkin gafaka, jakar fatar nan da ake adana Alƙur'ani a ciki. Tuwon gidan su abokina na ci ba adadi, shi ma in an yi layya ba ya jiran a kira shi. A mangazar shi ne shef, wato shugaban masu lodi.

Alhaji yakan sayo kaya iri-iri, sabulu da taliya da batir da kofuna da takalma da littattafai, ƴan kasuwar Zermu da Hamdara da Guna su aiko da jerin abin da suke so, a haɗa musu. Ya sa an kafa wani dogon bel na roba mai tafiya da kansa, wanda ma'aikata ke kira tapi. Kwalaye su hau daga ciki, su biyo shi har bakin ƙofa, inda masu lodi ke jera su a kan falet, katakon nan da motar ɗaga kaya ke sura ta sa a kamyo, wato babbar motar kaya. Matsalar ita ce kowa jerawa yake yadda ido ya ba shi. Falet ya karkace, a shiga hanyar ƙauye ya rushe, biskit ya isa Zermu ya zama gari. Aikin da aka ɗauke ni shi ne in rubuta wa kwamfuta ƙa'idar da za ta riƙa faɗin inda za a ajiye kowane kwali.

Aikin ba wasa ba ne, ko da yake ni na fi kowa faɗin haka. Kwali zai hau sikeli, na'ura ta auna tsawonsa da faɗinsa, sai hoto ya fito a allo: falet na biyu, kusurwar hagu, a kwance. Wahalar ita ce ba ka ganin kayan duka. Kwali huɗu kawai kake hange a gabanka, tapi ba ya tsayawa ya jira ka gama tunani, kuma in ka ajiye ka ajiye ke nan, don ba za a rushe abin da aka gina ba. Na sa wa kwamfutar dokoki: mai nauyi da ƙwari ya zauna a ƙasa, marar nauyi ya hau sama; a saɓa su kamar ginin bulo don kada tsaga ta hau kan tsaga; kada wani ya leƙo bakin katako; nauyi ya taru a tsakiya. Wata biyu ina fama, sannan abu ya zauna. Falet ya riƙa fitowa a miƙe kamar an sa masa magwaji. Masu lodi da suka fara kirana Injiniya da zolaya suka koma kirana da gaske, ni kuma na daina jin bambancin.

A ɗakin ajiya akan sake zuba kaya a kwalaye marasa rubutu, a manna musu lamba. A jerin da aka ba ni, kowace lamba akwai sunan kayanta a gefe. Ni na ga sunayen suna cika allo, na goge su, na bar lamba da nauyi da girma. Wata rana muna cin shinkafa da wake a inuwar kamyo, abokina ya ce, "Aboki, da ka bar sunan kaya yana fitowa mana. Akwai kayan da ba kowane zama ake yi musu ba."

Na ce, "Injin nan ba ya cin taliya, ba ya wanka da sabulu. Nauyi ya sani da girma. Kwali kwali ne."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, kai ne injiniya." Ban tambaye shi wane irin kaya yake nufi ba. Da na tambaya, da yau ba ni da wannan labarin.

Ranar da abin ya faru saura ƴan kwanaki a ɗauki azumi, aiki ya yi yawa. Da hantsi ne. An gama haɗa wani falet na Zermu, dogo, a miƙe, ina tsaye da kofin shayi ina kallonsa ina jin daɗin kaina. Mai motar ɗaga kaya ya zo zai sure shi, sai bakin ƙarfen ya kuskure katako ya yage gefen kwalin da ke can ƙasa. Abin da ya leƙo shi ne koren bango mai rubutun ruwan zinariya.

Babu wanda ya buƙaci a faɗa masa ko mene ne. Alƙur'anai ne. Wani mai sayar da littattafai ya yi odarsu saboda azumi. Kwalin littafi nauyi gare shi, ga ƙwari, ga kusurwoyi daidai, irin wanda ƙa'idata ta fi so ta yi tushe da shi. Jerin ƙasan nan gaba ɗaya su ne. Aka sauko da kwali ɗaya daga sama aka buɗe, sai ga takalman roba.

Akwai wani dattijo, shi ne babba a cikin masu lodi, ya girmi mahaifina. Al'adarsa ce in ana jera hawa na biyu ya taka na farko don ya kai tsakiya. Da aka ɗage kwalayen sama, ga sawun takalminsa nan a kan kwalin, ƙura ta zana shi sarai. Dattijon ya dubi sawun, ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire hularsa. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na taka. Da ƙafar nan tawa." Ya tuɓe takalman ya jefar, ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin tsoho yana kuka haka ba. Babu wanda ya tuna ya kashe tapi, kwalaye suna ta zuwa suna cunkushewa a bakinsa.

Kafin ka ce kwabo direbobi da ƴan kabu-kabu da masu jiran kaya sun shigo daga bakin ƙofa. Sai wata murya daga baya ta ce, "Wai wa ke gaban allon nan?"

Abokina ne ke gaban allon. Aikinsa ne ya karanta ya ce a sa nan, a sa can. Wani ya ce, "Ai shi ke faɗa mana inda za mu ajiye." Wani ya ce, "To ya sani mana!" Na ga yadda idanu suka juya kansa ɗaya bayan ɗaya, mutanen da jiya-jiya suke cin abinci da shi a kwano ɗaya.

Ya ce, "Wallahi lamba kawai nake gani. Ku zo ku duba da idonku." Babu wanda ya matsa ya duba. Sai ya juyo ya dube ni.

Nan ne wurin da na fi ƙin faɗa, kuma saboda shi nake rubuta wannan. Tun ganin koren bangon nan na san abin da ya faru, na san kuma hannun wa ke ciki. Magana ɗaya ce za ta fito daga bakina: ba shi ba ne, ni ne. Amma na dubi fuskokin nan, na san in na yi magana kaina za su dawo. Na tuna a ce ɗan mai ɗinkin gafaka ne ya sa Littafi ƙarƙashin takalma. Na ce wa kaina bari ƙura ta lafa tukuna, in ta lafa sai in yi bayani a tsanake. Tsoro ne kawai, na yi masa rawani na kira shi hikima. Na sunkuyar da kai ina kallon kofin shayin da ke hannuna.

Allah ya sa Alhaji yana biro, wato ofishinsa. Ya fito, ya ga abin da ake ciki, ya sa masu alwala suka kwashe kwalayen suka ɗora a kan tebur aka rufe da sabon ƙyalle. Ya ja abokina gefe ya ce ya fita ta ƙofar baya, ya zauna a gida har ya bincika. Sannan ya juyo wurina a gaban kowa ya ce, "Injiniya, injin naka zai iya yin haka da kansa?"

Na ce, "Sai na duba, Alhaji."

Babu abin da zan duba. Na hau babur na nufi gida.

Labari ya riga ni isa Birni, kuma a hanya ya yi ƙiba. Na tarar da mahaifina a zaure da basilla a hannu yana ɗinka murfin wata gafaka. Bai ɗago ba ya ce, "An ce a wurin aikinku wani Kirista ya sa Littafi ƙarƙashin takalma, ya hau kai yana dariya. Ba dai yaron nan mai zuwa gidan nan ba?"

Na ce, "Shi ake nufi, Baba."

Ya ce, "Yaron da tun yana ƙarami in ya ga gafaka ta zame daga ƙusa ba ya taɓawa, sai dai ya rugo ya ce, Baba, gafaka za ta faɗi? Ban yarda ba." Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, kuma ya daɗe yana duba. Na durƙusa na faɗa masa komai, har maganar da muka yi a inuwar kamyo.

Ya ce, "Injin ya san abin da ke cikin kwalin?"

Na ce, "Bai sani ba."

"Yaron fa?"

"Shi ma bai sani ba."

"Wa ya rufe musu ido?"

Na ce, "Ni ne."

Ya soke basillar a jikin fata ya ajiye. Ya ce, "Wancan kuskure ne, Allah kuma ya san kuskure. Amma wannan da kake yi yanzu, kana durƙushe a gabana ɗan mutane yana can ya kulle ƙofa, wannan ba kuskure ba ne."

Na ce, "Baba, sunanka nake ji. Za a ce ɗanka ne."

Ya ce, "Ai ɗana ne. Sunan da ba zai tsaya ba sai an jingina shi a wuyan ɗan wani, bar shi ya faɗi. Tashi ka tada babur." Ya shiga ciki ya sako babbar riga, abin da ba ya yi sai Juma'a.

Mun isa ana tada sallar la'asar a ɗan masallacin da ke jikin mangazar. Kullum sahu biyu ne, ranar nan sai da aka yi biyar, kuma fuskoki da yawa ban san su ba. Samari ne, wasu ma ba su shiga sahu ba, suna zaune a kan babura suna jira. Da aka sallame, mahaifina ya ɗaga mini haɓa. Na miƙe.

Ban yi wata fasaha ba. Na ce jama'a, ni na rubuta ƙa'idar da injin ke bi. Ni na ce mai nauyi ya zauna a ƙasa. Ni na goge sunayen kaya daga allo. Na ce mutumin da kuke zargi shi ne ya roƙe ni in bar sunayen, na ce masa kwali kwali ne. Na ce da safe na san duk wannan, na yi shiru don tsoro.

Wuri ya ɗau guna-guni. Wani saurayi daga kan babur ya ce, "Kare shi kake yi don abokinka ne!"

Na ce a zo a gwada. Alhaji ya sa aka kunna tapi, aka ɗauko kwalin littattafan rubutu na ƴan lakwal, mai nauyi irin wancan, da kwalin takalma. Aka tsayar da dattijon nan da kansa a gaban allo, ƙafarsa har lokacin ba takalmi. Kwalin littattafan ya hau sikeli, lamba ta fito ba suna, hoto ya nuna ƙasa. Na takalma ya biyo baya, hoto ya nuna samansa. Aka sake, aka kuma sakewa, ba abin da ya canza.

Dattijon ya juyo ya fuskanci mutane. Ya ce, "Ni na taka, wannan ya rufe mana ido, shi kuwa wanda bai yi komai ba shi muka kora. Kafin a kawo injin nan, in kayan malamai suka zo, shef ne ke cewa a ware su a ɗora kan tebur. Shekara da shekaru yana yi a gabana. Da safen nan na manta. Allah ya yafe mana."

Mutane suka fara zamewa. Sai a nan mahaifina ya yi magana, ita kaɗai ya yi a wurin. Ya ce, "Duk wanda ya kai labarin safe wani wuri, ya koma ya kai na yamma." Wasu sun kai, na sani. Na kuma san labarin yamma bai taɓa gudun na safe ba.

Kafin magariba muka isa gidan abokina, ni da mahaifina da dattijon. Mun daɗe muna sallama kafin ya buɗe, shi ma kaɗan ya fara buɗewa. Gidan shiru. Matarsa tana aiki a asibiti, ya kira ta ta baro aiki, ta ɗauko yara daga lakwal ta kai su gidan gwaggonta a bayan gari. A bayan ƙofar falo akwai wata baƙar jaka a ɗaure. Daga baya na ji abin da ke ciki: takardun haihuwa, takardun makaranta, maganin ƙaramar ƴarsu, da tufafi kala biyu-biyu.

Ya durƙusa ya gaida mahaifina kamar kullum. Dattijon ya kama hannunsa biyu ya roƙi gafara, abokina ya ce, "Haba Baba, ba komai, tashi." Ni na faɗa masa abin da ya faru a masallaci. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Na ji. Na gode da ka faɗa." Sannan ya ce a hankali, "Na dube ka, aboki. Sau uku na dube ka."



Bayan kwana biyu Alhaji ya je da kansa ya dawo da shi bakin aiki. Na mayar da sunayen kaya a allo. Na ƙara wata alama: kwalin da ke ɗauke da ita ba ya hawa falet, ba a ɗora masa komai, ana sauke shi a kan tebur, a sa shi a kamyo da hannu a ƙarshe, a can sama. Abokina ne ya zauna kusa da ni yana faɗa mini kayan da za a yi wa alamar, kuma ya fi ni sanin su, ni ɗan mai gafaka. Falet ya daina fitowa da kyau kamar da, wani lokaci a bar gurbi a sama. Babu wanda ya taɓa kawo ƙara.

Ƙannena masu koyon irin wannan aiki sukan tambaye ni shawara, nakan ce su je su zauna da masu ɗaukar kayan kafin su taɓa kwamfuta, kuma in wani ya ce akwai kayan da ba kowane zama ake yi musu ba, su tambaye shi wanne. Kuskuren allo mai sauƙi ne, an gyara shi a yini ɗaya. Wanda bai gyaru ba shi ne shiruna. Daga hantsi zuwa la'asar ne kawai, na daɗe ina lallashin kaina da cewa ai ban kwana da shi ba. Ni da na yi wata biyu ina koya wa inji cewa abin da ya biyo tapi ba ya jiran ka shirya, da nawa ya biyo sai na ce bari ƙura ta lafa.

Na bar mangazar tuntuni. Mahaifina ya rasu, abokina yana cikin waɗanda suka zauna da mu har kwana uku. Zumuncinmu yana nan, bai taɓa sake tada maganar ba, har na ɗauka ta wuce a wurinsa kamar yadda nake so ta wuce a wurina.

Kwanakin baya na je gidansa yi wa babban ɗansu barka da cin jarrabawa. Ina zaune a falo, iska ta turo ƙofa, sai na hangi jaka a bayanta. Ba waccan baƙar ba ce, wata sabuwa ce, a ɗaure tsaf. Na ce wa matarsa da wasa, "Madam, tafiya za a yi ba a gaya mana ba?"

Ta dubi jakar, ta dube ni, ba fushi a fuskarta ko kaɗan. Ta ce, "A'a. Tun ranar nan ba mu sake kwance ta ba. Kayan yara kawai nake canzawa in sun yi musu kaɗan."

Abokina ya yi saurin miƙo mini shayi, ya shiga ba ni labarin ƙwallo. Na karɓi kofin na riƙe, har ya huce a hannuna ban sha ba.